Masarar Sha Ɗaya ga Maris

Ku matso kusa, 'yan'uwa, na yau akwai abin kunya a ciki, amma tun da na fara ba ku sai na ƙarasa. Wanda yau ya shigo, sunana Glenys, shekaruna hamsin da tara, jikoki uku, shanun tatsa ɗari biyu da goma a gindin Dutsen Pirongia. Mijina Lachlan ya rasu shekara ɗaya da rabi ke nan. Kuma, e, akwai wani mutum. Wata a cikinku ta rubuto wancan makon wai “Kaka da saurayi?” Na gani, 'yar nan, Allah ya kai ki shekaruna ki ji yadda abin yake.

Ranar Talata, bakwai ga Maris, ina wanke wurin tatsa da mesa, waya ta yi ƙara a aljihun rigar aiki. Ban duba ba na san ko wane ne, kwana takwas ke nan a jere. Na goge hannu a cinya na buɗe. Hoton goyon masara ne an karya shi biyu, an ɗora a kan motar a-kori-kura, ga babban yatsansa a gefe, farcen baƙi ƙirin da man inji. A ƙasa ya rubuta: “Mai gona, da saura.”

Wasu matan furanni ake turo musu. Ni totuwa.

Hohepa ke nan, muna ce masa Hepa. Shi ke da injin yankan masara a yankinmu, ya fi shekara ashirin yana yanka mana. Matarsa ta riga Lachlan tafiya da shekara huɗu. Dogo ne, kai fari fat, gajeren wando da takalmin roba ko da ƙanƙara ake zubawa. Tun Disamba ya tsiri biyowa ta gonata, yau ya kawo kifi mai hayaƙi, gobe wai ya hango shingena ya kwanta. Shingen nan ya kwanta sau shida, jama'a, ni ko sau ɗaya ban gan shi a kwance ba.

Na mayar masa: “Asabar sha ɗaya ga wata. Ka sani.”

Nan take ya amsa: “Na sani. Masarar ce ba ta sani ba.”

Na jefa wayar a aljihu, raina a ɓace.

Bari in gaya muku abin da ke cikin ranar. Sha ɗaya ga Maris aka ɗaura aurenmu da Lachlan, a wani ɗan coci a Te Awamutu. Kuma tun da muka fara noman masarar shanu, a ranar muke yanka ta, in an matsa sai kwana ɗaya gaba ko baya. Injin ya daddatse ta da kara da ganye da goyo, tifofi su zube a rami, tarakta ta yi ta hawa tana dannewa, a lulluɓe da leda, a jera tsofaffin tayoyi a kai, a bar ta ta tsimu. Ita ce abincin shanu idan ciyawa ta ja baya. Da an ɗora tayar ƙarshe Lachlan zai hau saman tsibin, ƙura har gashin ido, ya miƙo min hannu in hau. Mu zauna da filas ɗin shayi da cakulan ɗin da ya narke a aljihunsa. Ya ce, “Kin gani, Glen? Masara ma ta san ranarmu.” Shekara talatin ba mu taɓa zuwa gidan cin abinci a ranar ba, ban kuma taɓa jin an rage ni da komai ba.

Bara, shekarar farko ba shi, Hepa yana asibiti an yi masa aikin gwiwa. Na kira wasu samari na ce sha ɗaya ga wata, suka yanka. Kwana uku wani baƙin ruwa ya fara tsiyaya daga gindin tsibin. Ranar da muka buɗe, tsami ya daki hancina har hawaye. Shanu suka shinshina suka juya min baya, madara ta faɗi, wasu suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Na ɗora laifin a kan samarin, na ce ba su iya danna tsibi ba.

To a kan tsibin baran nan ɗana Hamish ya kafa hujja. Yana aikin ofis a Hamilton, amma gonar da sunana da nasa take. Ya ce shekara ɗaya ya ba ni. In na bana ma ya lalace, a sayar, in koma birni.

Laraba da rana ya zo, da fararen takalmansa da ba sa son taɓo. Na zuba masa miyar kabewa da burodi mai zafi. Sai da ya shanye kwano biyu sannan ya zaro wata takarda mai sheƙi ya tura gabana. Wani ɗan gida ne a Tauranga, ɗaki biyu, da wata tsohuwa a hoton tana murmushi tana ban ruwan fure.

“Ga teku a kusa, Mama. Ba tashin asuba.”

“In tashi ƙarfe nawa? In yi me?”

“Ki huta mana.”

“Ubanka ma yana hutawa, ka je ka tambaye shi ko da daɗi.”

Ya sunkuyar da kai. Na ji ba daɗi, na ƙara masa burodi.

“An ce ruwa mai ƙarfi na tafe ƙarshen wata,” in ji shi. “Na yi magana da wasu masu inji, suna da sarari ranar Asabar. Ranar Baba ce ma. Me ake jira?”

“Hepa ya ce ba ta kai ba.”

“Hepa.” Ya ajiye cokali. “Mama, ba kya ganin mutumin nan yana jan abin ne don ya yi ta samun hanyar zuwa shan shayi? A kantin kayan gona har tsokanata ake yi, wai yaushe za a sha biki.”

Na ji kunnuwana sun ɗau zafi. Ni da na haife shi, ni ce na rasa inda zan sa idona! Na tashi na hau wanke tukunyar da na riga na wanke.

“Ki yanke shawara zuwa Juma'a,” ya ce a bakin ƙofa. Ya sumbaci goshina, ya bar min takardar a kan tebur.

Alhamis da safe, bayan tatsa, na cire rigar aiki na sa shuɗiyar rigar ulun nan da Noeline maƙwabciyata ta ce tana fito da idona. Kada ku tambaye ni dalili, faɗa na tafi yi. Na same shi a tsakiyar masara, karan ya fi shi tsawo.

“A'a, mai gona da kanta! Yau coci za a?”

“Ba wasa ya kawo ni ba. Asabar za ka yanka ko in ba wasu?”

Ya ɓalli goyo ɗaya, ya ɓare, ya karya a gwiwa, ya miƙo min ɓarin.

“Dubi ƙwayar. Kin ga saman ya yi rawaya ya yi tauri, ƙasan fari ne? Ga layin da ya raba su. Yanzu ko kashi ɗaya cikin uku bai sauko ba. Sai ya sauko kashi biyu.” Ya soka farce a ƙwaya, farin ruwa ya fantsalo min a riga. “Wannan ruwa ne, Glenys, bai zama gari ba. In na yanka yau, ruwa za ki tara a rami, ya tsiyaye da duk daɗin da ke ciki, ya bar miki tsami. In kuma aka wuce, ta bushe, ba ta dannuwa, iska ta shiga, fumfuna ta ci. Kwana goma nake nema, ko sha biyu.”

“Shekara talatin muna yanka a ranar, ba ta taɓa ba mu kunya ba.”

“Bara fa?”

Nan na fashe. Abin da na faɗa, har yanzu in na tuna sai in rufe fuska.

“So kake ka share Lachlan! Kujerarsa kake zama, kofinsa kake sha, yanzu ranarsa ta rage, ita ma ka sa mata ido!”

Ya tsaya da ɓarin masara a hannu. Ya cire hula ya sosa kai, ya mayar.

“Ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya miki ba,” ya ce a hankali. “To ya yi haƙuri. Ki je rumbun iri, ki janye tsofaffin buhunan da ke bayan ƙofa, ki dubi bango.”

Ya shiga motarsa ya tafi, ko juyowa bai yi ba.

Rumbun nan tun rasuwar Lachlan ban taɓa wuce bakin ƙofarsa ba. Ƙamshinsa ne a ciki, man inji da igiya da tabar da ya ce ya daina. Na janye buhunan, gizo-gizo ya cika min shuɗiyar riga.

Jama'a, bangon katakon nan cike yake da rubutun fensir, tun daga daidai kaina har gwiwa. A can sama harafi ɗaya, G, an ja layi a ƙarƙashi. Sannan kowace shekara da layinta. A dama, 11/3. A hagu, ranar shuka da sunan iri. A tsakani, ƙirgen kwanaki ne da baya da baya, an soke, an sake. Shekarar da lokacin shuka ya zo da sanyi ya rubuta, “ƙasa ba ta ɗumi ba, a canja iri mai saurin nuna.” Wata shekarar, “Hepa ya ce ƙara kwana huɗu, ya yi gaskiya, ɗan banza.”

Ashe masara ba ta taɓa sanin ranarmu ba. Mutumin nan ne yake zama tun watan Satumba yana ƙirgawa, yana zaɓen iri, yana auna ɗumin ƙasa, don ta nuna daidai ranar, ya hau tsibi ya yi min ƙarya mai daɗi. Ni kuwa bara sai ƙarshen Oktoba na iya ɗaga kai na sa aka shuka, da irin da mai kanti ya miƙo min. Bana ma haka. Na tuna a watan Satumba Hepa ya ce, “Wane iri za ki saya?” na ce masa ya kula da injinsa.

Layin ƙarshe ba a ƙarasa shi ba. Akwai 11/3 a dama, hagun babu komai.

Na zauna a kan buhu na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Kuka ina dariya, ina zaginsa, “Kai Lachlan, tsohon maƙaryaci!”

Da na natsu na ɗauki hoton bangon na tura wa Hamish. Na rubuta: “Ba za a yanka Asabar ba. Ka sallami mutanenka.” Alamar ya gani ta fito. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya fara, ya tsaya. Can sai ga shi: “In ruwa ya riga ku, Mama, kin san maganarmu.” Na ce na sani.

Hepa kuwa, na rubuta na goge ya fi sau biyar. Ƙarshe na tura: “Na ga bango. Bakina ya yi kaifi.” Ya amsa: “Dama can haka yake. Kin wanke rigar?”

Ranar Asabar na ɗauki filas da cakulan na tafi ramin da babu komai a ciki, na zauna a kan tulin tayoyi ni kaɗai. Ina ta sauraron ƙarar mota, rabin zuciyata na so, rabi na tsoro. Bai zo ba. Saƙo kawai: “Yau ba hoto. Yau ta ku ce.” Wannan saƙon, 'yan'uwa, ya fi duk kifin da ya taɓa kawowa.

Daga nan sai zaman jira. Kullum da safe hoto, kullum “da saura.” Ni ma na koyi shiga gona in karya nawa, har muna musu a waya, ni in ce rabi, shi ya ce tabarau nake buƙata. Rediyo kuwa sai maganar ruwa take. Maƙwabta duk sun yanka sun rufe, masarata kaɗai ke tsaye a kwarin. Ina kallon kan Pirongia kamar mai jiran hukunci, don ta can hadari ke ɓullo mana. In ruwan ya sauka, ƙasa ta jiƙe, inji ba zai shiga ba sai bayan mako biyu, lokacin ta wuce.

Talata, ashirin da ɗaya ga wata, hoton ya zo, layin ya sauko can ƙasa. “Mai gona, ta kai. Gobe da sassafe. An ce ruwa jibi, amma ban yarda da su ba.”

Noeline ta zo tun ƙarfe shida da kek ɗin ayaba da tiren sanwici. Ta dube ni sama da ƙasa.

“Jan baki a ranar yankan masara? Shanu za ki burge?”

“Leɓena ne ya bushe.”

“Uhm. Shekara sittin bai bushe ba sai yau.”

Injin ya shiga, tifofi suka fara zuwa. Ba a yi tifa uku ba sai ga Hepa ya tsayar da komai ya sauko. Ya karɓi kofin shayina, ya zubar da sauran, ya cika shi da yankakkiyar masara, ya juye a kan murfin mota yana tonawa da yatsa.

“Shayina fa!”

“Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ƙwaya huɗu ba su fashe ba. Wadda ba ta fashe ba yadda ta shiga saniya haka za ta fito, tsuntsaye za ki ciyar.” Ya koma ya matse na'urar, ya sake gwadawa, sai da ya ga kowace ƙwaya a farfashe, karan kuma gutsi-gutsi kamar faɗin farce, sannan ya ce a ci gaba. Direbobi na ta duba sama suna tsaki, shi ko a jikinsa.

Matsalar sai ta ɓullo a rami. Mai tarakta ɗaya ne, tifofi sun fi ƙarfinsa, yana bajewa da kauri, ba ya samun dannewa. Ina tsaye ina tunanin in hau tsohuwar taraktar Lachlan da wannan ciwon bayan nawa, sai na ji an tayar da ita. Na waiga. Hamish ne a kai, da rigar ofis, da takalmin roban ubansa. Ban ma ga shigowarsa ba.

Hepa ya yi masa ihu ta taga: “Kai ɗan birni! Siriri-siriri za ka baje, kada ya wuce tsawon tafin hannu, ka bi gefe-gefe!”

“Na sani, tsoho! Tun ina shekara sha biyu nake yi!”

“To a nuna mana!”

Awa tara yaron nan yana gaba yana baya. Da la'asar sararin ya yi baƙi a kan dutse. Muka ja leda, iska na fizgewa, Noeline ta kwanta a kai da dukan jikinta tana ihu a kawo taya. Maƙwabta suka fito ba wanda ya kira su. Taya na taɓa taya, ba a bar tazara ba, ruwan da ke kwance a cikinsu yana zubo mana a ƙafa, wari kamar me. Muna toshe gefen ƙarshe da ƙasa ɗigon farko ya faɗo min a hannu. Ruwan jibi ya zo yau.

Mako shida ba a taɓa tsibi. Na bar takardar Tauranga a kan firji inda zan riƙa ganinta, don kada in yi saurin murna.

Jiya Asabar muka buɗe. Hamish ya zo da kansa, shi ya yanka ledar. Ni na kasa matsowa. Ya tura hannu har gwiwar hannu, ya damƙo, ya matse, ko ɗigo bai fito ba, tafinsa ya ɗan yi danshi kawai. Ya kai hanci. Ya daɗe a haka, bayansa gare ni.

“Yaya?” na ce. “Ka yi magana mana!”

“Sanyi ƙalau,” ya ce. “Mama, ƙamshin rigar Baba.”

Muka zuba wa shanu. Ba ka jin komai sai taunawa. Wata mai lamba tamanin da takwas, wadda bara ta fi kowa ramewa, har ture 'yan'uwanta take.

A kicin ya cire takardar daga firji da kansa, ya ninke ta huɗu, ya tura ƙarƙashin ƙafar teburin nan da ke rawa tun yana yaro. Ya girgiza teburin, ya tsaya daram.

“Ta yi amfani,” ya ce. Sai ya ƙara, ba tare da ya dube ni ba, “Gona kam kin ci. Ɗaya maganar kuma ban ce komai ba tukuna.”

Ina zuba ruwa a buta waya ta yi ƙara. Na juya baya na buɗe. Ba hoton masara ba ne. Hoton sabon fensir ne, an fiƙe shi da wuƙa.

“Mai gona, za a fara odar irin baɗi. In kina so in ƙirga miki baya daga sha ɗaya ga Maris, na iya, tare muka yi da shi. Ki faɗa min ranar kawai.”

Na tsaya butar na tafasa. Na dubi hoton aurenmu a bango, Lachlan da kunnuwansa manya yana dariya. Na rubuta:

“Sha ɗaya ga Maris tasa ce, a bar masa. Masara ta nuna ranar da ta ga dama. Ka zo ka sha shayi, mu nemi tamu.”

Na tura kafin in sake tunani. Minti ɗaya, biyu, shiru. Hamish na yanka kek yana tambayata ina wuƙa mai kaifi. Sai kare ya fara haushi. Na ɗaga labule. A-kori-kurar ce ke hawowa, ashe tun ɗazu yana bakin titi a tsaye. Ya fito, jama'a, da dogon wando. Shekara ashirin ban taɓa ganin mutumin nan da dogon wando ba sai a jana'iza.

Hamish ya zo bayana ya leƙa. Ya dubi wandon, ya dube ni, ya dubi jan bakin da na manta na shafa. Ya ajiye wuƙar a hankali.

“Zauna, Mama,” ya ce. “Ni zan buɗe masa.”